Kifin anemoni ya kwanta a gefe cikin tanki: barci ne ko ciwo?

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin anemoni a tankin ruwan gishiri, wato ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari guda uku da Turawa ke kira clownfish, ya san irin faɗuwar gaban da ake yi a makon farko. Da rana lafiya lau, yana ta rangaji a gaban gilashi yana cin abinci har da wawaso, amma da an kashe fitila ka dawo ka leƙa sai ka ganshi kwance a gefe ɗaya kan yashi ko motsi babu, ko ya haye can saman ruwa ya yi shame-shame ruwa na kaɗa shi, ko kuma ya maƙale a kusurwa kai ƙasa jela sama, ido a buɗe tarwai, launin jikin ma ya koɗe. Nan take mutum zai ce shikenan ya mutu, ya ɗauko raga zai tsame shi, raga na taɓa ruwa sai kifi ya zabura ya yi fit ya shige bayan dutse.

To mafi yawan lokuta barci yake yi, ba wani abu ba. Amma fa ba kullum ba, kuma matsalar ita ce kwanciyar barci da kwanciyar ciwo a ido kusan iri ɗaya ne, shi ya sa in kwanciyar kaɗai ka tsaya kallo ba za ka gane komai ba.

Kifi dai yana barci, wannan ba abin musu bane yanzu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba shi da fatar ido da zai rufe, saboda haka idonsa a buɗe yake ko yana farke ko yana barci. A 2019 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna cewa ƙwaƙwalwar wani ƙaramin kifin ruwan daɗi mai ratsi-ratsi da ake yawan gwaji da shi tana shiga matakan barci masu kama da namu, mai nauyi da kuma mai kama da wanda muke mafarki a ciki. Alamomin barcin kifi su ne motsi ya ragu, numfashi ya yi sanyi, kuma ba ya saurin kula da abin da ke faruwa a kusa da shi. Launi ma yana koɗewa da dare a da yawa daga kifayen da ke zama cikin murjani, wato halittar tekun nan mai kama da tsiro ko dutse, ruwan lemon nan mai haske sai ya yi fari-fari, da gari ya waye kuma ya dawo yadda yake cikin ɗan lokaci. Kowane kifi da salon kwanansa, akwai masu binne kansu cikin yashi, akwai masu cusa kai a ramin dutse, akwai ma wanda ke lulluɓe jikinsa da yauƙi kafin ya kwanta. Na kifin anemoni ne dai ya fi tada hankali saboda a fili yake yin nasa kowa na gani.

Dalilin kuwa yana can gidansu na asali. Waɗannan kifaye, kusan iri 30 ne, suna zaune ne a ruwa mai ɗumi na Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik da Bahar Maliya, babu su a Atlantika sam. Kuma duk inda ka gansu a teku to tare da anemoni za ka gansu, wata halitta mai laushi da ke manne a dutse ko yashi, tana da ɗaruruwan yatsu masu harbi da dafi. Cikin anemoni sama da iri 1,000 da ke duniya kusan 10 ne kawai ke karɓar wannan kifin. Sauran kifaye in sun taɓa yatsun nan sun sha harbi, shi kuwa yauƙin jikinsa na kare shi, sai ya shige tsakiya ya zauna abinsa babu mai iya biyo shi. Rayuwarsa gaba ɗaya a nan take, da wuya ya yi nisan ƴan mitoci daga anemoninsa, kuma gaskiya ba gwanin iyo bane, da fikafikan gefe yake tuƙa kansa shi ya sa tafiyarsa take kamar rangaji. Da dare kuwa sai ya nutse can cikin yatsun ya saki jiki, ya jingina, ya kwanta ta gefe ko ta kowace fuska ta yi masa daɗi, tunda akwai abin da ke tallafe da shi ta ko'ina, ba ya buƙatar ya riƙe kansa a miƙe.

Yanzu ɗauko wannan kifin ka sa shi a tankin da babu anemoni. Halin kwanciyar na nan a jininsa, abin jingina ne babu. Sai ya yi irin ta wanda ya saba kwana da filo ranar da bai samu ba, ya naɗe riga ya tada kai da ita. Wani zai zaɓi kusurwar tanki saboda gilashi biyu sun haɗu sun ba shi abin jingina, wani bayan hita mai ɗumama ruwa, wani jikin famfon motsa ruwa, wani maganaɗisun goge gilashi, wani kuma ya haƙa ɗan rami a yashi da jelarsa ya kwanta ciki. Wani kifin kuma murjani mai dogayen yatsu zai samu ya mayar anemoninsa ƙarfi da yaji, ya yi ta goga jiki har murjanin ya gaji ya ƙi buɗewa. Masu kwana a saman ruwa ma haka ne, sun samu inda ruwa bai da ƙarfi ne suka saki jiki. Kuma yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu, musamman iri biyun da masana ke kira Amphiprion ocellaris da Amphiprion percula, a tankunan kiwo aka ƙyanƙyashe su, tunda suke ba su taɓa ganin anemoni ba, sun tashi ne cikin cunkoso a tanki mara komai sai gilashi da bututu, to me zai hana su ɗauki kusurwa a matsayin gida?

Wani abin da ya fi ban sha'awa, ko wanda ke da anemonin ma ba kwanciya yake yi shiru har safe ba. Wasu masu bincike daga jami'ar Auburn, Joseph Szczebak da Nanette Chadwick da abokan aikinsu, sun yi aiki a Aƙaba ta ƙasar Jodan a bakin Bahar Maliya kan wani irin kifin anemoni mai suna Amphiprion bicinctus, sakamakon ya fito a 2013. Sun auna iskar oksijin da kifi ke sha shi kaɗai, da wadda anemoni ke sha ita kaɗai, sannan suka haɗa su a duhu, sai suka ga in suna tare abin da suke sha ya kai ninki 1.4 na jimillar biyun. Da suka raba su da raga yadda suna ruwa ɗaya amma ba sa taɓa juna, ƙarin ya ɓace. Da aka kalli bidiyon dare sai aka ga ashe kifin mafi yawan daren motsi yake, yana kaɗa fikafikai, yana cusa kai can ciki, yana juyawa, kuma wannan motsin ne ke shigar da sabon ruwa tsakanin yatsun anemoni lokacin da iska ta yi ƙaranci. Kenan in ka ga naka yana mutsu-mutsu da dare, ya kwanta ya tashi ya juya ya sake kwantawa, ba lallai wani abu ke damunsa ba, aikin da kakanninsa suka saba ne yake yi ko da kuwa a jikin bututun roba yake yinsa.

Sai kuma maganar karkarwa, wadda ita ma tana tsorata sababbin masu kiwo. Ka sa guda biyu a tanki, sai ka ga ƙaramin ya juya gefe a gaban babban yana makyarkyata kamar wanda lantarki ya ja. Ba farfaɗiya bace, gaisuwar ban girma ce. Duk kifin anemoni ba a haifarsa mace, a kowane gida mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijin, sauran ƙanana suna layi, in macen ta mutu mijin ne zai rikiɗe ya zama mace, na bayansa ya hau matsayin miji. To wannan karkarwar ita ce hanyar da ƙaramin ke cewa na bi, ba faɗa na zo yi ba. Inda za ka sa ido shi ne in babbar ta ƙi karɓar biyayyar, tana korarsa kullum har ya koma kwana can saman kusurwa da yagaggun fikafikai, ba ya iya saukowa ko cin abinci. Wannan kwanciyar saman ba zaɓi bace, gudun hijira ne, kuma an fi ganin haka a manyan iri masu zafin rai kamar mai launin ja-ja mai duhu ɗin nan da ke da ƙaya a kunci, wanda macensa kan kai santimita 17. In abin ya kai haka raba su ake yi.

Haka in sun kusa yin ƙwai, za ka gansu sun lafe a wuri ɗaya suna ta cizon dutse suna share shi, bayan an yi ƙwan kuma namijin zai kwanta kusa da su yana yi musu fifita da fikafikai dare da rana har su ƙyanƙyashe, kamar mako ɗaya zuwa kwana 10 gwargwadon ɗumin ruwa. Wanda bai lura da ɗan facin ƙwai masu ruwan lemo a jikin dutsen ba sai ya zaci kifin ya kasa tashi ne.

To yaya za a bambance? Ni a wurina abu na farko shi ne lokaci. Kifin da ke kwanciyar ban mamaki bayan an kashe fitila, a wuri ɗaya kusan kullum, da safe kuma ya tashi garau ya zo gaban gilashi yana jiran abinci, wannan ka ƙyale shi wallahi, ko da kai ƙasa yake kwana. Amma wanda ke kwance da rana tsaka fitila na kunne, sauran kifaye na harkarsu, ka zuba abinci ya kalla ya kau da kai ko ya ɗauka ya tofar, to nan akwai magana. Kifin anemoni mai lafiya makwaɗaici ne, ƙin cin abinci a wurinsa babbar alama ce, sai dai in sabon zuwa ne, wanda kan yi kwana ɗaya ko biyu yana ɗari-ɗari kafin ya sake.

Na biyu, kuma shi ne ya fi komai faɗin gaskiya, numfashi. Ka duƙa daidai gilashi ka kalli murfin nan na gefen kansa da ke buɗewa yana rufewa. Mai barci a hankali yake yi, a natse, bakin ma da kyar za ka ga yana motsi. Mara lafiya kuwa haki yake, murfin na bugawa da sauri-sauri har ba ka iya ƙirgawa, baki a wangame, wani lokaci gefe ɗaya ne ke aiki ɗayan ya manne. In ka ga kwanciya ta haɗu da haki, kar ka jira gobe.

Sannan fata. Akwai wata cuta da ta yi ƙaurin suna a kansu har ake kiranta da sunansu, ƙwayar da ke kawo ta sunanta Brooklynella hostilis, ta fi zuwa da waɗanda aka kamo daga teku. Kifi zai fara yin yauƙi mai kauri fari-fari kamar fatar na saɓulewa, yawanci daga kai da baya, ga haki, ga kasala, ya kwanta a ƙasa ko ya rataye a saman ruwa, kuma tana iya kashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai Amyloodinium da ke sa jiki ya yi kamar an barbaɗa masa ƙura mai laushi, ita ma saurin kisa gare ta don ta wurin numfashi take fara kamawa, sau da yawa za ka ga kifin yana tsayawa a gaban famfo yana fuskantar ruwa ko yana gudun haske. Akwai Cryptocaryon mai fararen ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar gishiri, wadda ta fi sauran jan lokaci. In kuma kashinsa fari ne dogo kamar zare, cikinsa na shafewa duk da yana ci, to a duba tsutsar ciki. Wanda kuma yake son ya miƙe amma ya kasa, ya yunƙura ya yi ƙasa ruwa ya sake tulo shi sama, ko yana ta juyawa ba iko, wannan matsalar jakar iskar cikinsa ce ko wani abu makamancin haka, ya sha bamban da mai barci wanda da ka motsa zai daidaita kansa nan take.

Amma kafin a ɗora wa cuta laifi a fara auna ruwa, don sau da yawa ruwan ne. Amoniya da nitirait, gubobin da ke fitowa daga ƙazantar kifi, dole su zama sifili, musamman a sabon tanki da ƙwayoyin da ke cinye ƙazanta ba su gama kafuwa ba, amoniya kaɗan ta isa ta ƙona wurin numfashin kifi ya koma kwance yana haki. Gishiri ya tsaya wajen 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 zuwa 27, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wajen 8.1 zuwa 8.4. Kuma a tuna ruwa ne ke ƙafewa gishiri ba ya ƙafewa, in an bar tanki ya ja baya ba a cika shi da ruwa mara gishiri ba to gishirin hawa yake yi a hankali.

Akwai wata matsala da ta dare ce zalla, ita ce ta fi kama da barci kuma ita mutane suka fi mantawa da ita. Da rana murjani da gansakuka suna samar da oksijin saboda haske, da an kashe fitila sai su daina, su ma su koma sha kamar kowa, kifi na sha, ƙwayoyin cikin dutse da yashi na sha, saboda haka iskar cikin ruwa tana yin ƙasa sosai gab da asuba, pH ma ya sauka. Ga shi dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, da kusan kashi 20 cikin 100, in ya yi ɗumi kuma ya ƙara raguwa. To in tankin a rufe yake ruf, ko an rage ƙarfin famfo da dare wai don kifi su huta, ko wuta ta ɗauke, sai ka tarar da kifaye a saman ruwa da sassafe. Yadda za ka gane shi ne ba shi kaɗai bane, sauran ma sun hau, kuma bakinsu na sama suna haɗiyar iska. Mai barci a sama kuwa shi kaɗai ne abinsa, a kwance, numfashi a sanyaye. Maganin wannan mai sauƙi ne, a juya famfo ɗaya ya riƙa karkaɗa fuskar ruwa, a bar iska na shiga.

Abin da ni dai nake ganin ya fi ɓarna shi ne gaggawar mai tanki. An ga kifi a kwance, an kunna fitila gaba ɗaya tsakar dare, an ƙwanƙwasa gilashi, an zura hannu, wani ma har ya zuba magani bai san me yake magancewa ba. Kifin da aka tasa daga barci da haske bagatatan gigicewa yake yi, ya yi ta karo da dutse, wani ya yi tsalle ya faɗo waje, dama masu kwana a sama da kusurwa su suka fi faɗowa, shi ya sa murfin raga yake da amfani. In za ka duba da dare yi amfani da ƴar tocila mai jan haske mara ƙarfi, ka haska gefe ba kansa ba, ka kalli numfashi, ka tafi. Batun magani kuwa, duk mai sinadarin jan ƙarfe ba ya shiga tankin murjani, zai kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi da anemonin ma in akwai, kuma dutse na shanye shi ya riƙa sakinsa daga baya. A wani tanki daban ake jinya. Sannan Brooklynella ba ta cika jin jan ƙarfen ba, fomalin aka fi yi mata, wanda shi kuma guba ne sai da taka-tsantsan, ka ga kenan sai an san cutar kafin a san maganin.

Duhu ma haƙƙinsu ne. Mutane na son barin shuɗiyar fitilar nan da ake cewa hasken wata har safe saboda tanki ya yi kyau, amma binciken da Emily Fobert da abokan aikinta suka yi a jami'ar Flinders ta Ostiraliya a 2019 ya nuna cewa ocellaris da aka bar wa ɗan haske da dare sun yi ƙwai kamar kullum, amma ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba, da aka mayar musu da duhunsu ƙyanƙyasa ta dawo. Dama bayan faɗuwar rana ƙwan ke fashewa. In ɗan haske zai iya yin wannan ga ƙwai, ban ga dalilin da za a ce iyayen ba sa jinsa ba. A sa taima, fitila ta riƙa kunnuwa tana mutuwa lokaci ɗaya kullum, in tana da tsarin dusashewa a hankali ya fi, a kuma bar musu sa'o'i na duhu sosai.

Abin da ya rage shi ne a tabbata wurin da ya zaɓa ba zai cutar da shi ba. Mai kwana jikin famfo a sa wa famfon kariya kar ya zuƙe shi, mai kwana kusa da inda ruwa ke malala zuwa matata a sa raga a bakin, mai manne wa hita a sa mata gida. Wasu kan ajiye ƴar tukunyar ƙasa a kwance, da yawa suna karɓarta su koma kwana ciki har su yi ƙwai a bangonta.

Masu cewa a sayo masa anemoni kawai a huta, a yi hattara. Kifin ba ya buƙatarta don ya rayu a tanki, da yawa sun haura shekara 10 ba tare da ita ba, ita kuwa anemoni ta fi shi wahalar riƙo nesa ba kusa ba, tana son haske mai ƙarfi da tankin da ya kwana biyu ya daidaita, aƙalla wata shida, tana yawo ta harbi murjani, in ta faɗa famfo ta niƙe kuma tana iya ɓata ruwan gaba ɗaya. Waɗanda ocellaris ke zama cikinsu a teku, irin su Heteractis magnifica da Stichodactyla gigantea, suna cikin mafiya wuya. Wadda aka fi samu mai kumburin kan yatsu, Entacmaea quadricolor, ba ita ce tasa ta asali ba, wani ya karɓe ta cikin kwanaki, wani sai bayan watanni, wani kuma ka kawo ta ka ajiye a tsakiyar tanki ya kalle ta ya wuce, dare na yi ya koma bayan hitarsa ya kwanta a gefe yadda ya saba.